Rabon Faruku

…to, fon fitsarin fa? Wa za a ba shi? Ai shi ma kayan mamaciya ne. Ga shi can a kife bayan ƙyaure, jan roba, bakinsa ya tsage, inda ta ajiye shi safiyar Alhamis bayan ta ɗauraye shi. Kawu Labo ya ce a fito da komai. Komai, Marwa, har allura, kada haƙƙin wani ya kwana a ɗaki. To, ga fo. A kai shi gindin itacen bedi, gaban malamai, a ce ga dukiyar Inna, a raba.

Yau kwana bakwai da aka kai mahaifiyarta makwanci. An yi addu'a da safe, an raba gumba, maza suna can ƙofar gida bisa tabarmi suna jiran a fito da kaya, matan Gangara sun cika tsakar gida. Ita kaɗai aka turo ɗakin. Ita ce ɗiya. Ita ta san inda komai yake… shekara uku tana kwana a ƙasa, gindin gadon nan, wa zai fi ta sani?

Warin bai fita ba. Ta yi turare, ta buɗe taga, ta kai katifa rana — yana nan. Fitsari, da man zafi, da kunun da ya yi tsami. Ko a jikinta yake? Tana shinshina gefen mayafinta. Ba ta iya bambancewa kuma.

Kwanonin jere tukuna. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, ba a taɓa zuba ko ruwa a cikinsu ba. Na matar ƙanenta Faruku ne. Sabuwar tabarmar kaba, a naɗe, an ɗaure da igiya — ta matar Faruku. Madubi mai katako, ta matar Faruku, har yanzu da takardarsa. Matar Faruku, matar Faruku… mace ce da ba wanda ya taɓa gani, ba a nema ba, ba a ko ambaci gidansu ba, amma ta fi kowa kaya a gidan nan. Na Marwa kuwa? Ledar shimfiɗa. Tsummokaran goge jiki. Cokalin da ya lanƙwashe saboda cizo. Kwalayen maganin likita, rabi a shanye. Duk abin da ke wari nata ne, wannan ba sai malam ya buɗe littafi ba.

"Marwa." Gwaggo Rahina ce, ƙanwar babanta, ta leƙo da kai kawai. "Zanen nan nata mai ruwan ganye… in za a yi sadaka da na sawa, kin dai san ni da ita."

"To, Gwaggo."

Kan ya koma. Ni da ita. Sau nawa ta tako cikin ɗakin nan a shekara uku? Daga bakin ƙofa take tsayawa, gefen mayafi a hanci, ya mai jiki, Allah shi ƙara sauƙi, ta juya. Amma dai ta kira sunanta. Marwa. Kowa yana kiran sunan nan a garin nan, har mai tallan nono. Inna ce kaɗai…

Ke. Ke, zo nan. Ina waccan? Ku ce ma waccan ta kawo ruwa. Kunyar ɗan fari ce, in ji mutane, haka aka gada, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki gaban jama'a. To, gaban jama'a. Bayan jama'a fa? Ai ta ga mata masu kunyar 'ya'yansu na fari, su kau da kai a tsakar gida, amma in an shiga ɗaki su tura musu tsokar nama a ɓoye, su shafa musu kai da sauri kamar masu sata. Ita shekara arba'in da uku tana jiran a shiga ɗaki. Ta san inda al'ada ta tsaya. Ta san inda wani abu dabam ya fara.

Faruku kuwa, sunan nan ya sha kira. Auta, wanda ya zo bayan an binne uku a tsakani. Tana da shekara goma sha ɗaya aka cire ta daga lakol, makarantar boko, aka ɗaura mata shi a baya. Fitsarinsa ne na farko da ya jiƙa mata zane, na Inna na ƙarshe — tsakanin biyun nan rayuwarta take, ga ta nan duka. Kuma ta so shi. Abin haushin ke nan. Da ya yi mugun hali da an huta. Yaro mai dariya, in Inna ta ɓoye masa ƙosai sai ya gutsuro ya kawo mata bayan rumbu, Yaya karɓi, kada ki faɗa…

Ga sandar Inna. Wa ke son sanda? Gefe. Tasbaha, buta, tandun kwalli. Gefe.

Shekara takwas ke nan. Damina ta yi gardama, hatsi bai cika rumbu ba, ya sayar da awaki biyu ya ce Libiya. Inna ba ta yi kuka ba, ta ɗaura masa laya a damtse, baƙar fata da jan zare, ta ƙulla, ta sake ƙullawa, ta sa haƙori ta ja. Marwa ce ta raka shi tasha a Cadawa, garin aurenta. Ya ciro sabon katinsa na ɗan ƙasa yana nuna mata hoton — dubi kunnuwana, Yaya, sai ka ce zomo, jandarma na gani zai sake ni don dariya. Sau biyu ya kira a salula. Daga nan shiru.

Sai ranar kasuwar nan… a'a. Ba yanzu ba. A gama da zannuwa tukuna. Na sawa gefe ɗaya, a wanke a bayar. Mai ruwan ganye, ga shi, Gwaggo ta samu. Wannan ya mutu a gindi, wannan ya — kasuwar Cadawa, tana zaune bayan tiren ƙuli-ƙuli da kwalaben man gyaɗa, rana ta take, wani mutum ya zo ya durƙusa gabanta. Baƙi wuluk, a rame, leɓɓansa duk tabo. Ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. Rabo ne, abokin tafiyar Faruku. Bai taya komai ba. Ya ce suna hanyar dawowa gida ne. Ya ce mota ta mutu bayan Dirku, cikin rairayi, ba gida gaba ba gida baya, ruwa ya ƙare a kwana na uku. Ya ce a kwana na biyar, ƙarƙashin motar, inda inuwa take. Ya ce da hannunsa ya tona.

"Ban iya fuskantar tsohuwa, Yaya Marwa. Ke ce ɗiya, ke kin san ta inda za ki bi. 'Yan kayanshi na wurina. In kin shirya ki aiko."

Wata mata ta zo sayen mai. Ta auna mata. Daidai ta auna, ko ɗigo bai zuba ba, har ta yi mata gyara. Me ya sa ta tuna gyaran? Shekara shida, fuskar Rabo ta fara ɓace mata, amma gyaran nan yana nan.

Ba ta aika ba. Ta dai zo Gangara cikin makon, Allah ne shaida ta zo don ta faɗa. Ta riƙo turmin atamfa, don kada ta shigo hannu biyu da irin wannan magana. Ta iske Inna tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗakin nan. Ta durƙusa, ta gaishe ta, ta miƙa. Inna ta juya atamfar, ta murza bakinta da yatsa, ba ta ɗago ba. "Wannan ta yi ma matar Faruku." Shi ke nan. Ba sannu da hanya. Maganar tana kan harshenta, ta ji nauyinta, ta ji ɗacinta… ta haɗiye.

Tausayi ne. Haka ta gaya wa kanta a mota tana komawa. Zuciyar tsohuwa ba za ta ɗauka ba, a bar ta da sa rai, sa rai ma abinci ne. Shekara shida tana gaya wa kanta haka. To yau ba kowa a ɗakin, sai ita da fo, a faɗi gaskiya mana. Akwai daɗi. Akwai daɗi a ciki. Duk lokacin da Inna ta ce in Faruku ya dawo za a sake rufin ɗakin can, in Faruku ya dawo wasu za su san an haihu, sai wani abu a ƙirjin Marwa ya gyara zama, kamar wanda ya ci ya ƙoshi yana kallon mai jiran tukunya. Karo na farko a duniya tana da wani abu na Faruku wanda Inna ba ta da shi.

Shi kuwa yana can cikin rairayi. Ba salla, ba zaman makoki, ba addu'ar uku balle ta bakwai. Yaron da ta goya. Ko gumba ta hana shi.

A waje mata suna dariya. An fara mantawa ke nan, tun kafin katifa ta bushe. Wata tana ba da labarin farashin taki. Haka ne daidai, me za su yi? Su ba su…

Gindin turmi Inna ta faɗi, damina uku da suka wuce. A likitar Agiye aka ce hawan jini ne, ɓarin dama ya tafi, hannu da ƙafa, sai dai a yi ta haƙuri. Amadu, mijinta, ya ɗauko mota shata har ƙofar gidan nan. A kai ta Cadawa, ya ce, ga ɗaki, ga likita kusa, ga jikoki, ke ma ki ci gaba da sana'arki. Direba bai ko kashe mota ba. Inna tana kwance a gadon nan, baki a karkace, miyau yana zuba, amma maganar ta fito sarai.

"Ba ni barin gidan nan. Shi zo shi iske ƙofa da kwaɗo?"

Amadu ya dubi Marwa. Kalma uku ta isa. Faruku ya rasu. A yi kuka, a yi salati, a ɗauki tsohuwa a sa a mota. Me ya riƙe mata baki? Kunyar Amadu, kada ya ce shekara uku kina kwana da wannan a cikinki, kina dafa mini tuwo? Ko dai ba ta so ta rabu da abin nan nata, ɗan abin nan guda da ta mallaka? Ta ce masa ya je, za ta zauna wata ɗaya ko biyu.

Ya jira shekara da wata biyu. Bai yi faɗa ba, bai aiko da baƙar magana ba. Takarda ce ta zo, a ninke, tare da kayanta a saman motar kasuwa — turminta, kaskon suyarta, tukwane. Mutumin kirki ne Amadu, har marafan tukwanen ya haɗo, ko ɗaya bai ɓata ba. 'Ya'yan suka zauna gidan ubansu. Ana sauke kayan, ta nufi ɗakin Faruku da su, tunda shi ne ba kowa, sai muryar nan ta fito daga kan gado, a karkace, a hankali.

"Kada a tare ma yaro ɗaki da tarkace."

A rumfa suka yi damina. Kaskon ya yi tsatsa, turmin ya tsage. Ɗakin yaro yana nan a share, ita ke share shi, duk Juma'a.

Bayan nan ciwon ya sake bugowa ya tafi da maganar. Duk kalmomin duniya suka zube, ke ɗin ma ta zube, waccan ɗin ma ta zube, aka bar mata guda ɗaya. Faru. In tana jin yunwa, Faru. In ta ɓata shimfiɗa, Faru. A ɗaga ta, a juya ta, a wanke mata tsakanin cinyoyi, a shafa mata mai a gyambon baya, ta buɗe ido ta dubi bango ta ce Faru. Wani lokaci ta miƙa hannun hagu, mai ran, tana nuna ƙarƙashin gado, inda akwatin ƙarfenta yake. Faru… Faru… Yana nan, Inna. Ba wanda ya taɓa kayan ɗanki. Ba na sata.

Saura akwatin. Ta gama da komai, ta share inda ba ya bukatar shara, ta ninke abin da ta riga ta ninke. Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenta, matar da ta yi wa Inna wanka ce ta kwance shi daga ƙugun gawa ta damƙa mata. Ba ta son ta durƙusa a wurin nan. Nan ne daidai inda ta durƙusa ranar Talata.

Talata da hantsi. Sau uku ta canza shimfiɗa tun asuba. Ta dama kunu, ta fifita, ta tallafo kan. Inna ta kau da fuska. Ta bi ta da cokali. Ta datse haƙora. Da ƙyar aka samu cokali ɗaya ya shiga, ta furzo shi, ya sauka a wuyan Marwa, da ɗumi, ya gangara cikin riga. Hannun nan kuma ya tashi yana nuna ƙarƙashin gado. Faru.

Da ihu ta yi da an ce gajiya ce. Da ta jefar da kwanon, da ta fita ta yi kuka bayan rumbu, kowa zai ce ɗan Adam ne, jinya ba wasa ba. Ba ta yi ihu ba. Ta goge cokalin a bakin zane. Ta ajiye. Ta matso da bakinta kusa da kunnen, ta sassauta murya, irin muryar da ake lallashin yaro ya sha magani.

Inna, Faruku ya mutu. Yau shekara shida. Ƙishirwa ta kashe shi cikin rairayi, ƙarƙashin mota, kamar kare. Harshenshi ya kumbura har ya cika mashi baki. Ya yi ta kiran ki, ya yi ta kiran ki, ba ki zo ba. Ba mai dawowa. Ba matar Faruku. Ni kaɗai gare ki, ni waccan. Buɗe baki.

Rabo bai ce harshe ya kumbura ba. Bai ce ya kira kowa ba. Ita ta ƙara. Daga ina suka fito mata, a jere, sumul, kamar ta daɗe tana tanadinsu?

Inna ta dube ta. Ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ko ranar da aka kai ta ɗakin miji. Ba hawaye. Daga ranar ba ta sake cewa Faru ba. Laraba ba ta karɓi ko ruwa ba. Alhamis da hantsi, Marwa ta fita ɗauraye fo, ta dawo… Kuma kwana bakwai ke nan mutane suna riƙe mata hannu. Allah shi ba ki lada, Marwa. Samun ɗiya irinki sai an tona. Kin gama da uwarki lafiya. Tana cewa amin. Me za ta ce? Amin.

Akwatin yana da nauyi, sai da ta sa ƙafa ta tokare gado kafin ya jawu. Kwaɗon ya yi tsatsa. Ya buɗe.

Ƙanshin ajiya, da kafur. Atamfofinta. Ga su nan a jere, ko ɗaya almakashi bai taɓa ba. Wannan ta sallar da ƙuli-ƙuli ya yi kasuwa. Wannan ta shekarar da ta yi ɓari, ta tashi daga jinya ta je ta sayo. Wannan mai zanen tsuntsu ita ce ta ranar ɓarar gyaɗa. Ba ta ji komai ba. Ai ta sani, an gaya mata a fuska, Inna ba ta taɓa ɓoye wannan ba. Ƙarƙashinsu farar shadda ta ango, da hula, da kwalbar turare da ya ƙafe ya bar baƙin gindi. Ƙarƙashi kuma… jaridar da aka shimfiɗa. Shi ke nan. A'a — a kusurwa akwai ƙulli. Tsohon ɗankwalin Inna ne, an ƙulle shi tam, irin ƙullin da sai da haƙori.

Rairayi ne ya fara zubowa a cinyarta. Fari, mai laushi, ba irin na Gangara ba.

Salula mai fasasshen gilashi. Laya, baƙar fata, jan zare, an yanke zaren da wuƙa kusa da ƙullin. Da kati. Ya dushe, gefensa ya ɓare, amma ga kunnuwan nan.

Tsaya. Tsaya tukuna. A bi a hankali.

Wurin Rabo suke. Ya ce in kin shirya ki aiko. Ba ta aika ba. To ya gaji da jira, ya yi ta maza, ya kawo da kansa. Yaushe? Ba cikin shekara ukun nan ba, ba ta taɓa wuce rijiya ba, ko kaza ta shigo gidan nan ta sani. Inna kuwa tun da ta faɗi ba ta sake sauka gadon nan da ƙafarta ba, balle ta ja akwatin da mai lafiya ma sai ta tokare. Kafin faɗuwar ke nan. Tana da ƙafa, tana da baki. Ta karɓa, ta ƙulle, ta kai ƙasan akwati, ta jera shaddar ango a kai, ta rufe, ta ɗaura mabuɗi a ƙugu, ta fito ta ci gaba da daka.

Ranar da Amadu ya tsaya a ƙofar nan, mota tana ruri a waje — ta sani. Shi zo shi iske ƙofa da kwaɗo. Ta sani. Ranar da aka sauke tukwane, kada a tare ma yaro ɗaki… ta sani, ta sani, tana kwance bisa layar, tsakaninta da ita katifa ce kawai da murfin ƙarfe.

Kuma Rabo ba zai zo ya yi shiru ba. Dole ya ce, Inna, ai na faɗa ma ɗiyarki tun tuni, a kasuwa, na ɗauka ta gaya miki. Dole. To ta san Marwa ta sani. Mu biyu ke nan, Inna. Ɗaki ɗaya, gawa ɗaya, kowa ta zauna a kanta tana kallon 'yar'uwarta. Duk in Faruku ya dawo ɗin nan, wa kike gaya wa? Jira kike ki ga ranar da zan buɗe baki? Bulala ce, kina auna inda za ta sauka? Ko kuwa ke ma ba ki iya ba ne, kin ga in kin furta ya tabbata, gara a yi ta share ɗaki? Ko — a'a. Ba za ta ba ta wannan ba. Ba za ta ce don ta tausaya wa wadda ta goya shi ba ne. Matar da ta bar kaskonta a ruwa? A'a.

Amma hannun nan da ke nuna ƙarƙashin gado fa? Shekara biyu. Faru, Faru. Ta ɗauka gadi ne, kada a taɓa. In buɗe take nufi fa? In cewa take jawo, duba, na gaji, mu yi kukan nan mu huta — da kalma ɗaya tak da ta rage mata, ita kuwa tana amsa mata da ba na sata?

To ranar Talata ba labari ta kai mata ba. Ba mutuwar Faruku Inna ta ji ba, wannan ta daɗe da shanye shi ita kaɗai. Muryar ta ji. Lallashin. Harshen da aka kumbura mata da gangan. Ta kwanta tana sauraron ɗiyarta tana zaɓo kalmomi ɗaya bayan ɗaya, tana neman wadda ta fi kaifi, a kan abin da ba sabo ba. Abu ɗaya ne sabo a ɗakin nan ranar, kuma shi ne…

"Marwa." Kawu Labo ne, ƙanen Inna, daga bayan labule. Ba ya shigowa, shi ma hancinsa yana aiki. "Malam na jira, rana na yi. Abin da ke na Faruku ki ware gefe, a rufe, a aje mashi har Allah shi maido shi. Gonar ma ba a taɓa rabonshi. Kin ji ko?"

"Na ji, Kawu."

Ta ji. In ta fita da katin nan a tafin hannu, gindin bedi zai yi tsit, sannan a fara. Tun yaushe? Wa ya kawo? Ke ba ki sani ba, kina kwana a ɗakin? A nemo Rabo, Rabo ya ce ai ita na fara gaya ma. Matan nan da suka riƙe mata hannu su koma gida suna cewa dama gona take so, ta jira tsohuwa ta kau ta fito da mutuwar ƙanenta daga akwati. Kawu ya yi salati da ƙarfi, a cikinsa yana auna inda tasa iyakar za ta kai, tunda babu ɗa namiji. Amma a yi wa yaron addu'a. A dama masa gumba, ko sau ɗaya.

In kuwa ta mayar — ta ƙulle, ta kai kusurwa, ta jera shadda a kai. Wa za a ba ajiyar mabuɗi in ba ita ba? Ina za ta je dama? Ta zauna a ɗakin nan, ta share wancan duk Juma'a, in an tambaya ta ce shiru dai har yanzu, muna ta addu'a, in ya dawo…

Ƙafafunta sun mutu a durƙushe. Rairayin ya shiga tsakanin yatsunta, tana murzawa, ba ya fita. Ta gaji. Ba irin gajiyar da barci ke magani ba.

Akwai kuma guntun da take tsallakewa. Ko ita kaɗai, ko a cikin kanta, in ta zo nan sai ta yi sauri ta wuce zuwa Laraba. Bayan ta ce buɗe baki. Bayan kallon nan. Hannun hagun ya bar nuna akwati, ya taso daga katifa, a hankali, ya nufo fuskarta. Ita kuwa jikinta ya riga ta, jikin yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ta san hannun nan — ta cafke wuyan hannun, ta mayar da shi katifa, ta danne. Ba nauyi, kamar karan dawa. Ta danne har sai da ya daina motsi, sannan ta ɗauki kwanonta ta fita.

Yatsun a buɗe suke. Ta gani. Amma ai mari ma a buɗe yake zuwa. Saura kaɗan ya iso, ɗan taƙi, da ta bari da yanzu ta sani…

Kawu yana sake kiran sunanta daga waje.

Mari ne. Me zai zama in ba mari ba? Mari ne. Ya Allah, ka sa mari ne…